Shin Ko Kun San? Daga Ajin Masu Taswira: Iyaka, Kasuwa da Iko

Shin ko kun san cewa a sashen labarin ƙasa na jami'a akwai darussa biyu da ba ruwansu da auna ruwan sama ko sanin nau'in duwatsu? Na farko yana tambayar wa ke iko da wane wuri, kuma wa ya ja layin. Na biyu yana tambayar me ya sa arziki ya taru a nan ya tsallake can. Su ne labarin ƙasa na siyasa da labarin ƙasa na tattalin arziki. Ɗalibai da dama sukan faɗo sashen ne don ba su samu kwas ɗin da suka nema ba, sai sun kai aji biyu ko uku su tarar da cewa rabin labaran da ake karantawa a rediyo a ajinsu ake warware su.

Shin ko kun san cewa wanda ake ɗauka uban fannin na siyasa, Bajamushe Friedrich Ratzel, ilimin dabbobi ya fara karantawa? Da ya koma koyar da labarin ƙasa a Jami'ar Leipzig bai bar tsohon idonsa ba. A littafinsa na 1897 ya ɗauki ƙasa a matsayin halitta mai rai: tana girma, in wuri ya yi mata kaɗan sai ta ci na maƙwabciya. Ya mutu a 1904, amma ra'ayin bai bi shi kabari ba. Wani janar mai ritaya, Karl Haushofer, ya ci gaba da yaɗa shi a Jami'ar Munich, kuma cikin ɗalibansa akwai Rudolf Hess, wanda ya zama mataimakin Hitler a jam'iyyar Nazi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu fannin ya yi baƙin jini, malamai suka yi ta gudunsa shekara da shekaru. Jami'ar Harvard ma ta rufe sashen labarin ƙasa ɗungurungum a 1948, ko da yake dalilanta na cikin gida ne, kuma har yau ba ta sake buɗe shi ba.

Ko kun san cewa lacca ɗaya da aka yi a Landan a Janairun 1904 har gobe ana jarrabawa a kanta? Halford Mackinder ne ya gabatar da ita, mutumin da Oxford ta ɗauka koyar da labarin ƙasa a 1887. Hujjarsa ita ce zamanin jirgin ruwa ya kusa wucewa, layin dogo zai mayar da ƙarfi hannun duk wanda ya riƙe tsakiyar nahiyar Asiya da gabashin Turai, inda sojan ruwan Ingila ba ya iya kaiwa. Tsoron Rasha da Jamus ne ya sa masa rigar ilimi, ba wani abu ba. Duk da haka, da an taɓa batun Yukren ko hanyoyin da Sin ke shimfiɗawa zuwa Turai sai masu sharhi su tono shi.

Shin ko kun san cewa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello na da taswira da aka buga a Landan? Hugh Clapperton ya isa Sakkwato a 1824 yana cigiyar inda Kogin Kwara ke zubewa, ya koma gida da taswirar ƙasashen Sudan da aka ba shi a fada, aka buga ta a 1826 cikin labarin tafiyarsu. Tun kafin nan, a 1154, al-Idrisi ya zana wa Sarki Roger na Sisiliya taswirar duniya, ya sa kudu a sama, arewa a ƙasa. Ba kuskure ya yi ba. Ɗora arewa a sama al'ada ce ta masu zane, duniya ba ta da sama da ƙasa.

Shin ko kun san cewa kifin tekun Kanada na da hannu a inda iyakar Najeriya da Nijar ta faɗa? Wannan sai an bi shi a hankali. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a takarda daga Say, a bakin Kwara, zuwa Barruwa a gaɓar Tafkin Chadi: arewa ta Faransa, kudu ta Ingila. A 1898 aka sake zama, aka ɗora kamfas a kan Sakkwato aka zana baka mai nisan mil 100, aka ce abin da ke ciki na Ingila ne. Sai da Faransawa suka tashi tura soja da ayari daga bakin kogi zuwa Damagaram suka gane an bar su da hanyar da ba rijiya. Suka dawo neman gyara. Ingila kuwa tana da nata ƙaiƙayin. Tun 1713 masuntan Faransa ke da haƙƙin sauka su shanya kifi a wani ɓangare na gaɓar tsibirin Newfoundland, wanda yanzu ke cikin Kanada, abin da ya daɗe yana ci wa mazauna wurin tuwo a ƙwarya. A yarjejeniyar 1904 aka yi ban gishiri in ba ka manda: Faransa ta saki gaɓar, Ingila ta janyo iyaka kudu, ta ƙara mata da tsibiran Los da ke gaban Konakiri. Aka ƙara daidaita layin a 1906, sannan Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi shi a ƙasa har 1908 suna kafa alamomi. Layin nan mai tsawon kimanin kilomita 1,500 shi ne ya bar Birnin Ƙonni can, Illela nan. Sarakunan da ƙasarsu ce ba wanda ya kira su zaman.

Amma malamin da ya san aikinsa zai ja kunnen ɗalibi kada ya rubuta cewa layin shirme ne zalla. A wurare da dama ya bi tsohon dajin da ya raba daular Sakkwato da Maraɗi da Damagaram, waɗanda dama ba sa ga maciji da juna. Turawa sun tarar da tsaga ne, suka zuba mata siminti.

Ko kun san cewa shugabannin Afirka da kansu suka yanke cewa a bar iyakokin Turawa yadda suke? A taron Alƙahira na 1964 ne, don gudun kada kowa ya ɗauko tarihin kakansa ya ce a ba shi gari. Shi ya sa in rigimar iyaka ta kai Kotun Duniya da ke Hague, tsofaffin takardun gwamnonin mulkin mallaka ake zazzagewa. Haka aka yi a shari'ar Nijar da Binin kan tsibiran Kwara. A Yulin 2005 kotu ta ce iyaka ita ce hanyar da jirgi ke bi a cikin kogin, inda ya fi zurfi, kamar yadda take lokacin samun 'yancin kai. Tsibirai 25 ne: Nijar ta samu 16, har da Lete da aka fi rigima a kansa, Binin ta samu 9.

Shin ko kun san cewa ruwa na iya gudu ya bar iyaka a tsaye? A farkon shekarun 1960 faɗin Tafkin Chadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980 ya mayar da shi kusan kashi ɗaya cikin goma. Masunta daga Najeriya, Hausawa da Barebari da sauransu, suka yi ta bin ruwan yana janyewa, suna kafa garuruwa a inda da tsakiyar tafki ne, irin su Darak. Hukuma ta biyo su da 'yan sanda da makaranta da mai karɓar haraji. Ashe tuni sun tsallaka layin da Ingila da Faransa suka shata. Hukuncin Kotun Duniya na 10 ga Oktoban 2002, wanda kowa ke tunawa da shi saboda Bakassi, shi ne ya ba Kamaru wannan yanki ma, kuma a Disambar 2003 Najeriya ta janye daga ƙauyuka sama da 30. Bakassi sai a Agustan 2008 aka kammala miƙa ta.

Kun san kuwa akwai fili a Afirka da ba ƙasar da ke son sa? Bir Tawil ke nan, tsakanin Masar da Sudan, hamada ce mai faɗin murabba'in kilomita 2,000 da 'yan kai. Turawan Ingila sun ja layi biyu, ɗaya a 1899, ɗaya a 1902. Masar ta riƙe na farko, Sudan ta riƙe na biyu, domin kowace layin da ta riƙe shi ke ba ta Halayib, yanki mai bakin teku da ya ninka Bir Tawil kusan sau goma. Matsalar ita ce layin da ya ba ka Halayib shi ke ba abokin gabarka Bir Tawil. Duk wadda ta ce Bir Tawil nata ne ta sallama Halayib ke nan, don haka kowa ya yi gum.

Ko kun san cewa iyakar ƙasa mafi tsawo da Faransa ke da ita da Birazil ce, kimanin kilomita 730, saboda yankinta na Guyana da ke Kudancin Amurka? Kuma dokar teku ta 1982 ta ba kowace ƙasa ikon kifi da man da ke cikin mil 200 na ruwa daga gaɓarta, har da gaɓar ɗan tsibiri in ana iya zama a kansa. Ga amsar masu tambayar me ya sa Faransa ba ta sakin tsibiran da ke nesa da ita.

Shin ko kun san cewa ƙasashe 16 a Afirka ba su da bakin teku? Habasha ta shiga sahunsu a 1993 da Eritiriya ta ɓalle, yanzu sama da kashi 90 cikin 100 na kayan da take shigarwa da fitarwa ta Jibuti suke bi. Boliviya ta rasa gaɓarta a yaƙin da ya fara a 1879 da Chile, amma har yau tana da rundunar sojan ruwa da ke atisaye a Tafkin Titicaca, kuma duk 23 ga Maris tana bikin ranar teku. Ta kai ƙara Hague, a 2018 kotu ta ce ba dole a kan Chile ta zauna ciniki da ita.

Na Nijar da ke kusa da mu ya fi ciwo. Daga tashar Kwatano zuwa Yamai tafiyar kilomita 1,000 ce da ɗoriya, layin dogon da Faransawa suka faro daga bakin teku kuma a Parakou ya tsaya. Da aka rufe gadar Malanville zuwa Gaya bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sai kaya suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso, manyan motoci a jere da rakiyar soja. Kowane kwanan da direba ya ƙara a hanya, mai sayen shinkafa a kasuwa ne ke biya. Man Agadem na Nijar ma haka: bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 ya kai shi gaɓar Binin, aka fara lodi a Mayun 2024, a daidai lokacin da gwamnatocin biyu ba sa shan inuwa ɗaya. Ƙasar da ba ta da teku ba ta da damar yin fushi da maƙwabtanta duka a lokaci guda.

Ko kun san cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na man da duniya ke sha ta mashigin Hormuz yake wucewa, wurin da faɗinsa bai kai kilomita 40 ba a inda ya fi tsukewa? Ko cewa da aka rufe mashigin Suez a yaƙin 1967, jiragen dakon kaya 15 sun maƙale a ciki har 1975? Jirgin Ever Given da ya gitta a cikinsa a Maris 2021 kwana shida kacal ya yi, amma sai da masana'antu a nahiyoyi uku suka ji a jikinsu.

Shin ko kun san cewa kwantena ta fi yarjejeniyoyi da yawa sauya taswirar masana'antu? Wani mai motocin haya a Amurka, Malcom McLean, shi ya loda 58 a jirgi daga Newark zuwa Houston a Afrilun 1956. Kuɗin lodi da sauke kaya ya faɗi warwas, har ya zama ɗinka riga a Sin a kawo ta kasuwar Kwari ya fi sauƙi a kan saƙa ta a masaƙun Kakuri. Ita ce kuma ta sa ake iya samun tashar jirgin ruwa a garin da ba teku, irin ta Kaduna da ta Dala a Kano.

Shin ko kun san cewa darasin farko na labarin ƙasa na tattalin arziki wani manomi ne ya rubuta shi daga littafin lissafin gonarsa? Johann Heinrich von Thünen, mai gonar Tellow a arewacin Jamus, ya yi shekaru yana rubuta abin da kai kowane kaya kasuwa ke ci masa. A 1826 ya fito da sakamakon: in birni ɗaya ne a tsakiyar fili, kuɗin sufuri zai jera gonaki da'ira bayan da'ira. Kusa da gari kayan lambu da madara, masu saurin lalacewa. Sai dajin itacen girki, don yana da nauyi. Sai hatsi. Can nesa sai dabbobi, tunda da ƙafarsu suke zuwa kasuwa.

Ɗaliban Kano ba sa buƙatar zuwa Jamus su ga wannan. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1962 kafin ya koma Jami'ar Bayero a matsayin farfesa, ya yi suna ne da nazarin karkarar da ta kewaye birnin Kano. Ya bi jakunan da ke shiga gari da itace da hatsi, su fito da taki da sharar birni zuwa gonaki. Iyakar inda jaki ke iya zuwa ya dawo a yini ɗaya, nan ne iyakar gonakin da suka fi shan taki. Abin da ya gani ya saɓa wa abin da ake koyarwa a lokacin, cewa yawan jama'a dole ya kashe ƙasa. A nan mutane sun yi yawa, ana noma fili ɗaya kowace damina ba hutu, amma ƙasar ba ta mutu ba, kuma manomi na tsaron gawo da ɗorawa da kukar gonarsa kamar dukiya. A 1994 shi da abokan aikinsa biyu suka nuna irin haka a Machakos ta Kenya. A ganina wannan aiki ya fi cancantar zama darasin farko a jami'o'inmu fiye da da'irorin Bajamushen.

Ko kun san cewa auduga Turawa suka shimfiɗa wa dogo zuwa Kano, ba gyaɗa ba? Jirgi ya iso a 1911, masaƙun Lancashire na jiran auduga. Manoma da fatake suka yi nasu lissafin: masaƙan gida na sayen auduga da daraja fiye da Bature, gyaɗa kuwa ta fi kawo kuɗi, in ciniki ya ƙi ma a ci abinta. Daga kakar 1912 gyaɗa ta cika tasha har aka rasa taragon kwasa. Dogon nan ne kuma ya ƙarasa kashe ayarin Tarabulus, ya juya fuskar Kano daga hamada zuwa Ikko.

Shin ko kun san me ya sa masana'antar siminti ke Ashaka da Obajana da Kalambaina, ta lemon kwalba kuwa tana cikin gari? Alfred Weber, ƙanen Max Weber, ya ba da amsa a 1909. Kayan da ke rage nauyi in an sarrafa su, kamar dutsen farar ƙasa, a sarrafa su a bakin ramin haƙa. Kayan da ke ƙara nauyi, kamar lemon da yawancinsa ruwa ne, a haɗa su kusa da mai sha. To ina za a sa matatar man Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, ɗaruruwan kilomita daga rijiya mafi kusa, aka riƙa turo mata ɗanyen mai ta bututu daga Escravos? Lissafin Weber bai san da ita ba. Lissafin riƙe ƙasa ɗaya bayan yaƙin basasa ne ya kafa ta a can, tare da buƙatar kai mai kasuwar Arewa. Matatar Dangote kuwa, da kuɗin ɗan kasuwa aka gina ta, sai ga ta a Lekki, a bakin teku.

Kun san kuwa cewa Walter Christaller, mai ka'idar yadda ƙauye ke jingina da gari, gari da birni, layukan tarho ya ƙirga a kudancin Jamus don auna girman kowane gari? A 1933 ke nan. Daga baya ya shiga jam'iyyar Nazi, ya yi aiki a ofishin da ke tsara yadda za a sake zana ƙauyukan Polan da aka mamaye, bayan yaƙi kuma ya koma ɗan kwaminis. Ka'idarsa ta ɗauka kasuwa a wuri ɗaya take zaune. A ƙasar Hausa kuwa kasuwa yawo take yi da kwanakin mako: Maigatari ranar Alhamis, Wudil ranar Juma'a, ɗan tireda na biye da ita da kayansa.

Shin ko kun san cewa Ba'afirken farko da ya shugabanci ƙungiyar masana labarin ƙasa ta duniya a Kano aka haife shi? Farfesa Akin Mabogunje ne, an haife shi a 1931, ya koyar a Jami'ar Ibadan, ya riƙe shugabancin daga 1980 zuwa 1984. Littafinsa na 1968 kan birane a Najeriya ya tsaya kan cewa Kano da Ibadan da ire-irensu birane ne tun kafin Bature, da nasu tsari. Da gwamnatin Murtala ta yi dokar mayar da babban birni Abuja a Fabrairun 1976, shi ya jagoranci masanan da suka bi yankin suna nazarin ƙasarsa da mutanen da za a tasa. A 2017 ya karɓi kyautar Vautrin Lud, mafi girma a fannin. Ya rasu a 2022.

Shin ko kun san cewa a Najeriya taswira kuɗi ce tsagwaronta? Jihar da ake haƙo mai a ƙasarta na da kashi 13 cikin 100 kafin a raba saura. A rabon jihohi kuma faɗin ƙasa da wahalarta na da kashi 10, yawan jama'a kashi 30, shi ya sa ƙidaya ba ta taɓa wucewa ba tare da faɗa ba. Ƙananan hukumomi 774 ne a tsarin mulki, kowace da kasonta: Kano 44, Katsina 34, Legas 20, Bayelsa 8. Gwamnatocin soja ne suka yanka su, ta ƙarshe a 1996. Da Legas ta ƙirƙiri ƙarin 37 a 2003, gwamnatin Obasanjo ta riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar. Kotun Ƙoli a Disambar 2004 ta ce shugaban ƙasa ba shi da hurumin riƙe kuɗin, amma sababbin ba su cika ba sai Majalisar Tarayya ta shigar da su cikin jerin. Sai a 2007, zamanin 'Yar'aduwa, aka saki ragowar kuɗin. Har yanzu 37 ɗin nan suna nan da shugabanninsu da sakatariyoyinsu, amma in an zo rabon Abuja da 20 ake lissafi.